A dawo da kadet makarantu, amma a raba yara da sansanin 'yan sa-kai

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta yawaita tun da matsalar tsaro ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a yankinmu, wato batun koya wa 'yan makaranta aikin soja. Ana yin ta a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, ana yin ta a majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, har a taron iyaye da malamai na ga wani uba ya miƙe ya kawo ta, aka tafa masa. Masu cewa a dawo da kadet, wato rukunin 'yan makaranta masu sa kaki da ake ba horo irin na soja, suna da yawa, kuma ina cikinsu. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, idan ka saurare su da kyau, za ka ji ba kadet ɗin da muka sani suke nufi ba. So suke a koya wa yaro riƙe makami domin ya tsare makarantarsu da unguwarsu. Wasu ma ba sa ɓoye-ɓoye, cewa suke yi a miƙa horon ga 'yan sa-kai da 'yan sintiri, tunda su ne a kusa, kuma su suka san daji. Wannan shawara tana da haɗari ƙwarai, kuma ina ganin wajibi ne wanda ya san kadet daga ciki ya fito ya yi magana.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren gwamnati ta kwana ta maza, tun muna cikin tsohuwar jihar Kaduna kafin a ba mu Katsina a 1987, kuma shekara da shekaru ni ke kula da rukunin kadet na makarantar. Ban taɓa zama soja ba. Aikina riƙe rajista, da sa ido a kan yara, da tsayawa tsakaninsu da sajan ɗin da ake turo mana daga bariki.

Bari in faɗa wa matasan yanzu yadda abin yake, tunda yawancinsu ba su riske shi ba. Daren Asabar, wato Juma'a bayan isha'i, idan ka ratsa ɗakunan kwana, ƙamshin sitaci da hayaƙin dutsen guga na gawayi ne za su tare ka. Yaro zai jiƙa kakinsa da sitacin rogo ya goge har ƙarin wando ya fito tsaf, sannan ya zauna da tsumma da ɗan ruwa a murfin gwangwani yana murza takalminsa har ya yi ƙyalli. Da an idar da sallar asuba kowa yana fili. Sajan zai bi layi a hankali, hannunsa a baya, yana duba farce da aski da maɓalli da ɗaurin igiyar takalmi. Wanda maɓallinsa ya tsinke bai ɗinke ba, layinsu duka ake tsayarwa sai ya je ya gyara, saboda haka tun da dare 'yan'uwansa suke duba masa. Bindigar da suke saɓawa ta katako ce, wani kafinta a cikin gari ya sassaƙa mana su. Sai a zangon dogon hutu ake kai manyan cikinsu filin harbi na soja, su kwanta rub da ciki, kowane yaro da soja durƙushe a gefensa. A ƙirga harsasai a ba shi, in ya gama a ƙirga kwanso a karɓa. Harsashi ko ɗaya bai taɓa kwana a harabar makarantarmu ba.

Fareti shi mutane ke gani ranar bikin 'yancin kai, amma shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Mun koya musu karanta taswira da amfani da kamfas, da ɗaurin karaya, da tsayar da jini, da yadda mutum huɗu za su ɗauki wanda ya suma a kan bargo ba tare da sun ƙara masa ciwo ba. Sun koyi kashe gobara da bokiti hannu zuwa hannu, da haƙa masai idan an yada zango, da raba abinci ta yadda shugaban rukuni shi ke ci a ƙarshe. Ba na manta wani yaro Bafulatani, ɗan makiyaya, wanda a aji ba ka jin muryarsa. Ranar da muka fita gwajin taswira, muka sauke su a bakin wani rafi muka ce su nemo hanyar wani dutse, sauran suna ta jujjuya takarda suna gardama. Shi kuwa ya dubi inda ruwan ya zaizaye gaɓa, ya dubi sawun shanu, ya nuna musu gefen da za su bi, sannan ya ɗora yatsa a kan taswirar ya nuna musu wurin da suke tsaye. Tun daga ranar 'ya'yan ma'aikata da 'ya'yan 'yan kasuwa suke rububin shiga rukuninsa, kafin ya gama makaranta igiya uku ce a hannunsa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan yaron a ransa, domin a halin da muke ciki yau, samun wurin da ɗan Bahaushe zai tsaya a layi ɗaya da ɗan Bafulatani ya karɓi umarninsa ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Marigayi Janar Murtala Muhammad ya yi kadet a kwalejin da ake kira Barewa a Zariya kafin ya shiga soja. A Zariyar dai, tun 1954 aka buɗe makarantar horar da yara aikin soja, wadda ta yaye mutane irin su Tunde Idiagbon da David Mark da Buba Marwa, daga baya sojojin sama suka buɗe tasu a Jos. Ƙungiyar Man O' War da 'yan bautar ƙasa suka sani a sansani ta samo asali ne tun 1951, a wani gaɓar teku da ke cikin Kamaru ta yau, kuma har yanzu tana da cibiya a duwatsun Shere kusa da Jos. Dukkansu suna da abu ɗaya da ya haɗa su. Akwai doka a kansu, akwai malamai, akwai manhaja da jarrabawa, akwai wanda za a kama idan wani abu ya sami yaro, kuma ba a kafa su domin a kai yaro bakin daga ba.

To, yanzu mu dubi ɗaya hanyar, wadda wasu ke kira a bi. Ba sai mun yi hasashe ba, an riga an gwada ta a Borno, kuma sakamakon yana rubuce. A tsakiyar 2013 matasan Maiduguri suka tashi da gora da adda suna zaƙulo 'yan Boko Haram unguwa-unguwa suna miƙa wa sojoji. Duk wanda ya san halin da garin yake ciki a lokacin ba zai raina abin da 'yan kato-da-gora suka yi ba. Ɗaruruwansu sun rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu, kuma gwamnatin Kashim Shettima ta ɗauki wasunsu ta ba su horo da kaki da alawus na wata-wata. Amma tun daga farko ƙananan yara suka bi yayyensu. Aka riƙa sa su tsaron shinge, da binciken masu shiga kasuwa da masallaci, da leƙen asiri, da sintiri, da aike-aike. A 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunan ƙungiyar a jerin masu amfani da yara a fagen rikici. A watan Satumba na 2017 shugabanninta suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar daina hakan. A Oktoban 2018 aka sallami yara 833, cikinsu har da masu shekara 11. A Mayun 2019 aka ƙara sallamar 894, kuma 106 daga cikinsu mata ne. Sai a 2021 aka cire sunan ƙungiyar daga wancan jerin.

Ina jinjina wa shugabannin kato-da-gora da suka amince akwai matsala suka gyara, ba kowa ke iya wannan ba. Sai dai mu lura da abu ɗaya. Wannan ƙungiya ce da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da sojoji, a babban birnin jiha, gwamnati na biyan wasu 'ya'yanta, ƙungiyoyin duniya na zaune a garin suna kallo. Duk da haka sai da aka shafe shekaru ana tantancewa kafin a raba ta da yara. Ina ga sansanin 'yan sa-kai na wani ƙauye a bakin dajin Rugu, wanda ba rajista, ba albashi, ba mai zuwa dubawa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, gaskiya, wani yaro ne da na gani da idona. A bara muna dawowa daga ta'aziyya, dare ya yi mana a hanya, muka iso shingen 'yan sintiri a mashigar gari. Wanda ya haska mu da tocila, ya leƙa cikin mota, ya ce direba ya buɗe but, bai wuce shekara 14 ba. Rigar sanyi ce ta manya a jikinsa an naɗe hannuwanta, layu sun cika damtsensa, ga adda rataye a kafaɗa tana dukan ƙaurinsa idan yana tafiya. Manyan suna can gefe a kan benci suna shan shayi, bindigoginsu a jingine da buhunan yashi. Na gane shi, ɗan wata bazawara ce a unguwarmu, 'yan bindiga suka kashe mahaifinsa a gona. Na kira sunansa. Ya sauke tocilar, ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da hanya, ban san kai ne ba." Na tambaye shi makaranta fa, ya ce ya bari tun rasuwar babansa, nan yana samun na abinci, kuma wata rana zai rama. Washegari na je wurin mahaifiyarsa. Ta ce mini, "Malam, in na hana shi me zan ba shi? Aƙalla na san inda yake kwana."

Ba na zargin wannan baiwar Allah, kuma ba na zargin magidantan da suka ga an kashe 'yan'uwansu, an kore shanunsu, an yi garkuwa da matansu, suka kira jami'an tsaro ba su zo a kan lokaci ba, suka tashi kare kansu. Wanda bai kwana a ƙauye yana jin ƙarar babura daga nesa ba bai kamata ya yi saurin yanke musu hukunci ba. Maganata a kan yaron ce. Shi ne a gaba, a tsakiyar titi, da haske a hannunsa, wato shi za a fara harbi. Idan aka kamo wanda ake zargi infoma ne, a gabansa za a ɗaure shi a doke shi, wata rana a miƙa masa sandar. A wurin zai ga ana shan ƙwaya don a kori barci, a wurin zai ji ana cewa kowane Bafulatani ɗan bindiga ne har maganar ta zauna masa. Su ma na cikin daji, mun sani, yara ne da yawa a cikinsu, an saɓa musu bindigar da ta kusa fin su tsawo, ana faɗa musu irin wannan magana a kan Hausawa. Yau muna kuka da su. Idan muka tarbiyyantar da namu a kan wannan hanya, ranar da Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, wa zai kwance musu abin da aka ɗaura musu a zuciya? Yaron da ya saba tsayar da babban mutum ya ce ya buɗe jakarsa, da wuya ya koma aji ya zauna malami ya ce masa ya yi shiru.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 34 na dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ya hana ɗaukar yaro a kowane ɓangare na rundunar sojan ƙasa, kuma a dokar yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Idan gwamnati da kanta an hana ta, yaya za a yi a ce ƙungiyar unguwa ta sami dama? Masu cewa ai wannan dokar Turawa ce, ina tuna musu abin da muka karanta a tarihin yaƙin Uhudu. Musulmi kimanin 700 ne suka fuskanci runduna ta mutum 3,000, ana bukatar kowane hannu, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya duba samarin da suka fito ya mayar da waɗanda ya ga ba su isa ba, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar, yana da shekara 14. Na san za a ce ai an karɓe shi a yaƙin Handaƙ yana da 15. Haka ne. Amma shugaba ne ya duba su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa iyaka, kuma ba a bar wa ƙaramin yaro zaɓi ba don yana da zafin zuciya. A yau hukumar da ke mulkinmu ta sa iyakar a shekara 18, ga kuma makaman zamani da ba su da alaƙa da takobi da garkuwa.

Akwai kuma masu cewa da 'yan makarantar Ƙanƙara suna da horo da makami, da ba a kwashe su ba. Wannan magana tana da daɗin ji, amma a yi mata tunani. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar kimiyyar nan, aka kora yara fiye da 300 daji, bayan kwana shida Allah ya sa aka sako su. Da 'yan bindiga sun ɗauke su a matsayin mayaƙa masu makami, wa ya san gawa nawa za a kwasa a filin makarantar? A watan Agusta na 2021 kwalejin horar da hafsoshin soja ta Kaduna da kanta aka shiga, aka kashe hafsoshi biyu aka tafi da ɗaya. Idan wurin da ke cike da ƙwararrun sojoji bai tsira ba, ɗan aji biyar da bindigar harba-ka-ruga me zai tare? Ajiye makami a makaranta gayyato masu neman makami ne. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka fitar a Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a Abuja a 2021, kuma jigon yarjejeniyar shi ne kada a mayar da makaranta wurin harkar yaƙi. Tsaron makaranta aikin manya ne masu albashi: katanga, da fitila, da jami'ai, da wayar da za a kira a ɗauka.

Abin da kadet zai iya yi wa tsaron makaranta daban ne, kuma yana da amfani. Yaran da suka saba jin usur su taru cikin minti biyu ba hayaniya, kowane shugaban ɗaki ya san mutum nawa ne a ƙarƙashinsa, an gwada musu ta wace ƙofa za su fita da inda za su haɗu, suna iya ɗaure raunin ɗan'uwansu kafin a kai asibiti, waɗannan sun fi kusa da tsira a ranar tashin hankali, ko gobara ce ko hari.

Ƙasashen da suka daɗe da haɗa matasa da dakarun sa-kai sun ja wannan layin tun tuni. A Ingila, kadet ya samo asali ne daga rundunonin sa-kai da aka kafa wajajen 1859 da 1860 saboda tsoron mamayar Faransa, har manyan makarantu irin su Eton da Harrow suka kafa nasu rukunin. Yau yara masu shekara 12 zuwa 18 ke shiga, ma'aikatar tsaro na tallafawa, ana koya musu harbi a filin da aka tanada. Amma ɗan kadet ba soja ba ne, ba a kiransa yaƙi, ba dole ya shiga soja idan ya girma, kuma duk baligin da zai kula da su sai an binciki tarihinsa. Estoniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ga ta a bakin iyakar Rasha, tana da rundunar sa-kai ta farar hula wadda doka ta kafa, da ƙungiyar yara maza da ta mata a ƙarƙashinta. Zango da tafiyar daji da taimakon gaggawa da sanin tarihin ƙasa suke koya. Babu mai tura su gadin iyaka. Bambancinmu da su shi ne, nasu dakarun sa-kai suna cikin tsarin ma'aikatar tsaro da doka da rajista, mu kuwa yawancin namu bukata ce ta haife su dare ɗaya.

Gwamnonin yankinmu sun fara ƙoƙarin shigar da abin cikin tsari. Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na Katsina a Oktoban 2023 da mutum fiye da 1,400, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024 da fiye da 2,600. Wannan mataki ne mai kyau idan an riƙe shi da gaskiya. Amma darasin Maiduguri shi ne, matsalar ba a takardar albashi take ba. Wanda sunansa ke takarda baligi ne. Yaran suna gefe, masu ɗebo ruwa, masu sayo shayi, masu jan igiyar shinge, masu riƙe wa oga bindiga ya shiga bayan gida. Su ba a ƙirga su, idan sun mutu ma ba a rubuta su. Ina kira ga gwamnatocin nan su sanya a rubuce cewa duk kwamandan da aka sami yaro a sansaninsa ko shingensa, da kowane suna aka kira aikin yaron, zai rasa muƙaminsa. Hakimai da dagatai su faɗa wa ƙungiyoyin sintiri na ƙauyukansu haka, tunda da saninsu ake kafa su.

Ba na son a ɗauka cewa tsohon kadet ɗin ba shi da aibi. Na ga makarantun da shugabanninsu suka mayar da 'yan kadet 'yan sandan makaranta, suna tsare ƙofa da bulala, suna sa ƙananan ɗalibai tsallen kwaɗo da birgima a rana har wani ya suma. Na ga inda aka kwashe su a mota a ranar karatu aka kai su tarbar ɗan siyasa, suka wuni a tsaye ba ruwa. Inda duk malami ya janye jiki ya bar wa manyan ɗalibai ragama, zalunci ne ke biyo baya, kaki kuwa yana ƙara wa azzalumin yaro ƙarfi. Daga baya kuɗin kaki da na zango suka daina zuwa, bariki ya daina turo mai horarwa, a wurare da yawa abin ya mutu, a wasu kuma ya rage sai duka da ganga. A wannan giɓin ne wasu ƙungiyoyi suka ɓullo suna ɗinka kaki mai kama da na soja, suna sayar wa matasa fom, suna yi musu alkawarin gurbin aikin soja ko ɗan sanda. Iyaye su sani, shiga kadet kowane iri ne ba ya ba mutum aikin soja, kuma duk wanda ya ce a biya shi kuɗin gurbi damfara ce yake yi.

Saboda haka idan za a dawo da shi, a dawo da shi ta hannun ma'aikatar ilimi, da yarjejeniya a rubuce tsakaninta da rundunar soja. Malamin makaranta ya zama shi ke da rukunin, a ba shi horo da ɗan alawus, soja ya zo ya koyar ya koma bariki. Kada a tilasta wa kowa, kuma sai da sa hannun uba ko uwa. A hana ɗan kadet dukan ɗalibi ko hukunta shi. Gwamnati ta ɗauki nauyin kaki da takalmi, in ba haka ba 'ya'yan masu hali ne kawai za su shiga, alhali ɗan talaka ya fi bukata. 'Yan mata su ma a ba su nasu da malamai mata, da shigar da iyayensu za su yarda da ita, domin ɗaurin rauni da kashe gobara ba na maza kaɗai ba ne.

Sai dai na san duk wannan ba zai kai ga yaron da na gani a shinge ba, tunda ba ya makaranta, kuma irinsa miliyoyi ne a arewacin ƙasar nan. A nan nake ganin muna da abin da ba mu amfani da shi yadda ya kamata. Kowane gari yana da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, da kakinsu da faretinsu da tsarin muƙamansu, sun saba aiki a filin idi da asibiti da sansanin alhazai. Ga 'yan sikawut, ga Red Cross, ga tsofaffin sojoji zaune a gida da fanshon da ba ya isarsu. Me zai hana ƙaramar hukuma ta buɗe filin firamare ranakun Alhamis da Juma'a, lokacin da almajirai ke hutu, a tara yaran unguwa da marayun da rikicin nan ya bari, har da na rugagen da ke kusa, a koya musu abin da muka koya wa namu, a ba su abinci sau ɗaya, a sa sharaɗin cewa mai son ci gaba da sa kakin sai ya koma aji ko ya kama sana'a? Abin da ke jan yaro zuwa shinge abinci ne, da kaki, da jin cewa shi ma wani ne a cikin mutane. Duk ukun ana iya ba shi ba tare da an rataya masa adda ba.

Yaron nan na unguwarmu, da taimakon limaminmu da wani mai gyaran babura, mun samu yana zuwa gareji da rana, amma har yanzu wasu darare yana komawa shinge, domin a can ake ba shi na kashewa. Shi ɗaya ne muka sani. Ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilanka su bi hanyoyin shiga garuruwan Katsina da Zamfara da Sakkwato da Birnin Gwari bayan magariba, su tsaya a shingayen sintiri su tambayi masu riƙe da tocila shekarunsu da ajin da suka tsaya, ba tare da sun buga sunayensu ko hotunansu ba. Abin da suka samo a kai wa kwamishinonin ilimi da na tsaron cikin gida, a buga mana amsar da suka bayar.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin kadet,
Funtuwa, jihar Katsina.